Mu Sa Wa Iliminmu Shaida Kamar Yadda Muke Sa Wa Buhu



Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, yau kuwa ina so in ajiye ta a gaban ƙungiyoyinmu na gama kai. Zan fara da abin da ya same mu a tamu ƙungiyar, domin kada wani ya ce shaci-faɗi nake yi.

Muna da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya riƙe mana aikin magatakarda shekaru da yawa. Mutum ne mai son rubutu, ko tari aka yi a wurin taro sai ya shiga littafinsa. Da Allah ya yi masa rasuwa, iyalinsa suka kawo mana kwali biyu cike da littattafai da takardu. Muka yi godiya, muka tura su ƙarƙashin tebur a ɗakin ajiya.

A kakar da ta biyo baya ƙungiya ta yanke shawara ta sayi wake da kuɗin asusu, ta ajiye har bazara, lokacin da zai yi tsada. Muka sayi buhunan nan masu ciki uku da ake kira PICS, waɗanda suke kashe ƙwaro ta wurin hana shi iska, ba sai an zuba magani ba. Sai wata mama ta ce ai ta tuna, shekarun baya wani malamin gona ya zo ya koya wa mata yadda ake ɗaure irin buhun nan, har suka gwada suka kawo rahoto. Waken waɗansu ya tsira, na waɗansu ya lalace, amma dalilin ta manta. Ta ce Malam ya rubuta, domin ta gan shi da idonta yana rubutawa. Mu uku muka zauna da yamma har kwana biyu muna buɗe shafi bayan shafi. Muka ga rigimar bashi, muka ga gudummawar biki da ta makoki, muka ga sunayen waɗanda suka makara zuwa taro. Abin da muke nema dai ba mu gani ba. Da muka gaji, muka ɗaure buhuna yadda muka ga dama.

Da bazara ta zo muka kwance, buhuna da yawa sun zama gari, sai ƙwari ke tashi. Bayan wata biyu, ina neman wani lissafi dabam, sai ga maganar a gabana, layi huɗu tak, a tsakiyar rahoton wani taro da aka yi a kan gyaran rufin ɗaki. Malam ya rubuta cewa matan da suka matse iska suka ɗaure kowace leda ita kaɗai, ta ciki tukuna, sa'an nan ta biyu, sa'an nan buhun waje, su ne wakensu ya tsira. Waɗanda suka haɗa bakin ukun suka yi musu ɗauri ɗaya sun yi hasara. Ya kuma ce a cika kowace leda da iska a duba ko ta huje kafin a zuba wake. Mu kuwa ɗauri ɗaya muka yi, ba mu duba leda ko ɗaya ba.

Amsar tana cikin ɗakin da waken yake, taku uku daga buhunan. Kuɗin da ya salwanta kuwa na gwauraye ne da masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suke zubi da ƙyar kowane mako. Tun daga ran nan na gane cewa rubutawa kaɗai ba ta isa ba. Abin da aka rubuta, aka kasa samunsa ranar da ake bukata, bai amfani kowa ba sai gara.

LITTATTAFAI UKU DA MUKE DA SU

Tun 1935 aka yi dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya, kuma har wa yau duk ƙungiyar da ta yi rajista an san ta da ajiye littattafai. Yawancinmu muna da uku: na sunayen membobi, na kuɗi, da na rahoton taro. Idan jami'in gama kai ya zo dubawa, waɗannan zai nema. Dukansu suna da amfani, ba na raina ko ɗaya. Amma ku duba da kyau: na farko yana faɗin ko mu su wane ne, na biyu yana faɗin nawa muke da shi, na uku yana faɗin abin da muka yi gardama a kai. Wanne ne yake faɗin abin da muka koya a gona? Babu. Alhali noma ne ya haɗa mu.

To, ina wannan ilimi yake zaune? Yana cikin kawunan dattawa. A da wannan ya isa, domin yaro yana tashi a gonar ubansa, ya tsufa a cikinta, ya san inda ruwa yake kwanciya da inda ƙuduji yake fitowa kamar yadda ya san tafin hannunsa. Amma duk wanda yake zaune a Mahuta ya san zamani ya juya. Tun da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 gari yake ta matsowa, gonakin jiya sun zama filaye da gidaje, manomi yana ƙara nisa wajen Kujama da gaba. Da yawa a cikinmu gonar haya ko ta aro muke nomawa, bana kana nan, baɗi wani ne a wurin. Ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Chikun da Kajuru, sun zo da iliminsu na wata ƙasa, sun tarar da wata ƙasar da ba su sani ba. Samari kuwa rabinsu suna tuƙa keke a Sabon Tasha, gona sai ranar Asabar. Shugabannin ƙungiya ma ana sake su bayan 'yan shekaru.

Cikin irin wannan hali, ilimin da ke kan mutum ɗaya yana tafiya duk inda mutumin ya tafi. Shi ya sa za ka ga ƙungiya mai shekara ashirin tana yin kuskuren da ta yi a shekararta ta uku. Ta sake sayen irin da bai karɓi ƙasarta ba, ta sake ba da bashin taki a makare, ta sake shuka shinkafa a fadamar da kowane tsoho ya san ambaliya takan share ta.

ANNOBA TAKAN DAWO

Bari in tuna mana abubuwa huɗu da suka faru a ƙasarmu.

A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta lalata wajen hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya, tana kuwa cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye, darɓa, shi ne yake yaɗa ta. Masu bincike sun san tun kafin wannan shekara cewa shuka da wuri, da shuka kurkusa yadda ganye zai rufe ƙasa, suna rage cutar ƙwarai. Ilimin yana nan, amma manoma nawa ne suka same shi a hannu ranar shuka?

A 2016 tsutsar tumatir, wadda manoma suka sa wa suna Sharon, ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. A farkon wannan shekarar kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya, wadda ta fito daga nahiyar Amurka. Tana shiga can cikin tsakiyar ganye ta ɓuya, har yau kuwa ba ta bar mu ba. A 2023 cutar citta ta auka wa Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya ƙone, citta ta ruɓe a ƙasa, mutane suka rasa amfani suka rasa iri.

A kowace irin wannan shekara manomanmu ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wani ya zuba toka ko yashi a tsakiyar ganyen masara. Wani ya yi feshi da tsakar rana bai ga amfani ba, maƙwabcinsa ya yi da yamma lis ya gani. Wata ta lura masarar da ta shuka da ruwan farko ta fi ta baya tsira. Kowanne ya biya kuɗin makaranta da guminsa. Ina tambaya, wace ƙungiya ce a cikinmu za ta iya buɗe shafi ɗaya yau ta nuna ranar da tsutsa ta fara bayyana a gonakin membobinta kowace shekara tun 2017, da abin da aka gwada, da abin da ya yi aiki? Idan akwai, ina roƙo su rubuto su koya mana. Mu dai ba za mu iya ba. Kowace damina muna tarbar tsutsar nan kamar baƙuwar da ba mu taɓa gani ba.

YADDA MASU AJIYA SUKE YI

Dabarar da nake so in kawo ba baƙuwa ba ce, kullum muna aiki da ita. Ranar kasuwa manoma goma sukan loda masara a mota ɗaya. Buhunan iri ɗaya ne, amma a wurin saukewa ba a faɗa, domin kowa ya sa wa nasa shaida: wannan ya rubuta harafi biyu da gawayi, wancan ya ɗaura jan ƙyalle. Shaidar ba ta ƙara wa buhu ko ƙwaya ɗaya, amma in babu ita sai an kwance kowane buhu.

Haka yake ga littattafan da muke riƙewa ranar Lahadi. In an ce a buɗe sura kaza aya kaza, ko waƙa lamba kaza, cikin ƙiftawar ido jama'a duka sun samu. Ba haka aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki ba. A ƙarni na 13 aka raba surorin da muka sani, ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai, mutumin Faransa, Robert Estienne, shi ya sa musu lamba a 1551. Bai ƙara kalma ko ɗaya ba, hanyar nema kawai ya gyara, ga shi har yau muna cin moriyarta.

Idan ka haye gada ka shiga cikin garin Kaduna, a titin Yakubu Gowon akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa. An fara wannan aiki a Ibadan a 1954 ta ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Kaduna da Enugu. A ciki akwai rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, har da bayanin amfanin gona da haraji da yawan jama'a. Takardun sun fi ƙarfin a karanta su duka. Abin da ya sa ake samun wadda ake nema shi ne kowace tana da shaida. Takardun lardin Zazzau an sa musu ZARPROF, na lardin Sakkwato SOKPROF, sa'an nan lamba ta biyo. Mai nema yana duba jerin tukuna, ya rubuta shaidar, ma'aikaci ya ɗauko masa.

Masu bincike na Samaru a Zariya, inda aka fara aikin gwajin noma tun 1922, su ma haka suke yi da iri. Duk masarar da suka fitar sunanta yana farawa da SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, sai lamba. Wanda ya ce SAMNUT 24, an san yana nufin gyaɗa mai nuna da wuri wadda take jure kuturta. Wanda ya ce SAMMAZ 15, an san masara ce mai jure ƙuduji. Mu kuwa sai mu ce "irin nan da Baba ya kawo daga Zariya", bayan shekara biyar babu wanda ya san ko wanne ne.

SHAWARATA: LITTAFI NA HUƊU

Ina ba da shawara kowace ƙungiya ta buɗe littafi na huɗu, mu kira shi Littafin Gona. Ga yadda nake ganin za a tafiyar da shi.

Na ɗaya, a sayi babban littafi mai kauri, a sa wa kowane shafi lamba tun kafin a fara. A bar shafi biyu na farko da shafi goma na ƙarshe babu rubutu.

Na biyu, littafin na kowa ne. A kowane taro a ware minti goma sha biyar, shugaba ya tambaya, "Wa ya ga wani abu a gona, ko a rumbu, ko a kasuwa, wanda ya kamata mu sani?" Duk wanda ya faɗa, a rubuta a gajarce, layi biyar ko shida: kwanan wata, wurin, abin da aka gani, abin da aka yi, da yadda ya ƙare. In bai ƙare ba tukuna, a bar fili a cika daga baya. A sa sunan mai maganar domin wanda yake son ƙarin bayani ya san wanda zai tambaya.

Na uku, shi ne zuciyar maganar. A gefen kowane labari a rubuta kalma biyu ko uku da manyan baƙaƙe. Su nake kira kalmomin shaida. Ɗaya ta faɗi amfanin gona ko dabba, ɗaya ta faɗi matsala ko aiki, ta uku ta faɗi wuri in wurin yana da muhimmanci. Ga misali:

"14 ga Yuni. Gonar bakin rafi, hanyar Kujama. An ga tsutsa a masara mai mako uku, ganye ya huhhuje. Mai gonar ta zuba toka a tsakiyar ganye a rabin gona, ta bar rabi. Za ta kawo rahoto bayan mako biyu." A gefe: MASARA, TSUTSA, BAKIN RAFI.

Na huɗu, kada kowa ya ƙaga tasa kalmar. Nan ne aikin yakan lalace. Ciyawar nan mai shanye dawa, wani ya ce ƙuduji, wani ya ce wuta-wuta. In magatakarda na bana ya rubuta ɗaya, na baɗi ya rubuta ɗayar, labarin ya rabu biyu ke nan, mai nema zai sami rabi ya ɗauka shi ne duka. Saboda haka ƙungiya ta zauna ta amince da kalmominta, kamar talatin ko arba'in, a jera su a shafi biyu na farko. A zaɓi ƙuduji, misali, sa'an nan a rubuta "wuta-wuta: duba ƙuduji". Tun da yake a ƙungiyoyinmu akwai Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham da sauransu, a rubuta sunan da kowane harshe yake kiran abin kusa da kalmar Hausa. Wannan kansa ajiya ce mai daraja, domin sunayen ciyayi da ƙwari na harsunanmu suna ɓacewa a bakin yara. Kada a ƙara sabuwar kalma sai taro ya yarda.

Na biyar, a shafi goma na ƙarshe a yi fihirisa, watau jerin da yake nuna shafi. Kowace kalmar shaida ta sami layinta. Duk lokacin da aka rubuta labari, kafin a rufe littafi, a juya baya a ƙara lambar shafin a gaban kalmominsa. Aikin minti ɗaya ne. Da Malam ya rubuta WAKE da AJIYA a gefen layukansa huɗu, ya sa lambar shafin a baya, da wakenmu bai zama gari ba.

Akwai wata riba da ba a gani sai an yi shekara biyu ko uku. Gwajin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Mai yiwuwa toka ce ta kashe tsutsa, mai yiwuwa kuma ruwan sama mai ƙarfi ne da aka yi a daren. Amma idan ka buɗe fihirisa a kan TSUTSA ka tarar da labari goma sha biyu daga gonaki dabam dabam, ka karanta su a jere, za ka fara ganin abin da yake maimaita kansa da abin da sa'a ce kawai. Kuma ranar da malamin gona ya zo, maimakon kowa ya yi ta ba shi labari daga ka, sai a buɗe masa shafuffukan. Shawarar da zai bayar za ta fi dacewa da ƙasarmu.

GAME DA WAYA

Na san matasa za su ce, "Baba, ai muna da zauren WhatsApp, me za mu yi da littafi?" Zauren yana da amfani, yana kai labari da sauri. Amma ku gwada neman abin da aka faɗa a ciki bara war haka. Gaisuwar safe da hotunan biki sun binne shi. Yawancin maganar noma kuma da murya ake aikowa, alhali waya tana nemo kalmar da aka rubuta ne, ba ta shiga cikin murya ta nemo. Ga satar waya, ga lalacewa, ga sharewa don wuri ya cika.

Shawarata ita ce a haɗa su biyu. Duk wanda ya aiko murya ko hoto a kan noma, ya bi shi da kalmomin shaida a rubuce, waɗannan dai da ke shafin farko na littafi, yadda mai nema zai buga MASARA TSUTSA ya same su. A naɗa saurayi ko budurwa ɗaya mai kwashe muhimman saƙonni zuwa littafi kafin kowane taro. A ƙarshen kowane wata kuma a ɗauki hoton sababbin shafuffuka, mutum biyu ko uku su ajiye, saboda gara da gobara da yoyon ɗaki.

ABIN DA WAƊANSU ZA SU CE

Da na kawo maganar nan a taronmu ba kowa ne ya yarda ba, kuma dalilansu ba na banza ba ne.

Wani ya ce yawancin waɗanda suka fi sanin gona ba su iya rubutu ba. Gaskiya ne. Shi ya sa na ce a faɗa da baki a taro, wani ya rubuta, sa'an nan a karanta wa mai maganar ya tabbatar haka ya ce. 'Ya'yanmu da ke sakandare za su iya wannan aiki, suna yi kuwa suna koyon noma ba su sani ba. A kula musamman da iyayenmu mata. Su ne suka san ajiyar iri, da shanya, da kiwon kaji da awaki, amma su ne ba a cika ba su baki a taro ba.

Wani ya ce aikin zai yi wa magatakarda yawa. Wannan ma gaskiya ne. Kada a ɗora masa. A zaɓi mutum dabam mai riƙon Littafin Gona, da mataimaki, domin kada littafin ya sake zama na mutum ɗaya.

Wata mama ta kawo maganar da ta fi nauyi. Ta ce a wannan zamani na masu satar mutane, rubuta abin da kowa ya noma kamar nuna wa ɓarawo ƙofa ne. Ta yi gaskiya ƙwarai, kuma dole a kafa doka a kai. A Littafin Gona ba a rubuta yawan buhunan da mutum ya samu, ko kuɗin da ya sayar, ko inda ya ajiye. In ana so a gwada iri biyu, ya isa a ce wannan ya fi wancan da kamar kashi ɗaya cikin uku. Maganar kuɗi ta tsaya a littafin ma'aji.

Akwai kuma wanda bai yi magana ba, amma na san abin da ke ransa. Yana da wata dabara da yake taƙama da ita, ba ya so kowa ya sani. Ba za a tilasta masa ba. Sai dai ina tuna masa cewa tsutsa ba ta san iyakar gona ba. In ta ƙoshi a gonar maƙwabcinka, gobe malam-buɗe-littafinta zai yi ƙwai a taka. Mun kuma haɗa asusu ɗaya, in gonar ɗan'uwanka ta lalace ya kasa biyan bashi, kuɗinka ne ya maƙale.

Abu na ƙarshe, a rubuta hasara kamar yadda ake rubuta nasara. Mutum yakan ji kunyar cewa ya sayi maganin da bai yi aiki ba, ko ya shuka a makare. Amma labarin hasara shi ne ya fi ceton kuɗi. A rubuta sunan da ke jikin kwalbar, da lokacin da aka yi feshi, da yadda aka gauraya, ba tare da zagin kowa ba. Shugabanni su fara faɗin nasu kuskuren, sauran za su sami ƙarfin hali. Ni na riga na faɗi namu na wake a gaban dubban masu karatu.

MU FARA A TARO MAI ZUWA

Kuɗin wannan aiki bai kai na mudu biyar na taki ba: littafi ɗaya, da biro, da leda mai kauri ta nannaɗewa. A taro mai zuwa a amince da kalmomin shaida, a zaɓi mai riƙo. A taro na biye a gayyato dattawa biyu ko uku, maza da mata, a tambaye su abin da suka tuna na farin 1973 da na shekarun tsutsa, da irin dawa da gero da aka daina gani, a rubuta tun suna tare da mu. Da tsohuwar zuma ake magani. Masu tsofaffin littattafan taro kamar namu, ku ba matasa su bi su shafi shafi da jan biro, duk inda maganar gona ta fito su sa mata shaida a gefe. Mu mun fara, mun gama kwali ɗaya, abin da muke tsinta a ciki kuwa yana ba mu mamaki.

Sa'an nan kowace shekara, kafin ruwan farko, a buɗe fihirisa a kan IRI da SHUKA da TAKI, a karanta wa jama'a abin da shekarun baya suka koya mana. Da kaka a buɗe AJIYA da KASUWA. In ƙungiyoyin da ke kusa da juna, daga Mahuta zuwa Kamazou da Mararrabar Rido, za su amince da kalmomi iri ɗaya, to ranar babban taro sai a ajiye littattafan a tebur ɗaya a gwada abin da kowa ya gani.

Ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto wa wannan jarida yadda ta kaya, da daɗi ko ba daɗi, domin sauran su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu a gona da hanya.